Abin da Nake Shaƙa a Bayan Gareji

"Da idona na gan shi, Baba! Yana laɓe a bayan gareji yana shaƙar wani abu, har da lumshe ido!"

Yayan matata ke nan yake nuna ni da yatsa a falon surukina. Matata na gefe tana sharar hawaye, wai ta auri ɗan shaye-shaye. Surukina, tsohon hedimasta mai zafi, ya ce in fito da abin.

Na zaro shi daga aljihu na ajiye a tebur.

"Maganin asma ne, Baba. Wurin aiki biyu aka sallame ni saboda ita. In kamfanin da nake wa direba ya ji, gobe za su karɓe makullin mota. Shi ya sa nake ɓuya."

"Shekara uku muna tare, ko ni ba ka faɗa wa ba?" in ji matata.

Surukina ya ɗaure fuska. "Kowa ya fita. Kai, zauna."

Suka fita, na zauna. Na ce shi ke nan, yau 'yarsa zai karɓe.

Ya rufe ƙofa, ya leƙa taga, sannan ya zura hannu a ƙasan kujera ya ciro irin nawa sak. Ya girgiza shi, wayam.

"Ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa, "a ina kake samun naka da araha? Kuma don Allah kada surukarka ta ji."