Ban-ruwan Wata Shida a Kwana Uku

Wani magidanci ya ce wa malaminsu na ajin manya zai dakata da zuwa darasin Turanci, in jarrabawa ta matso ya dawo ya haɗa karatun gaba ɗaya. Malamin ya ce ya zauna tukuna, ya ba shi wannan misali.

An yi wani mai lambu a bakin wata fadama, duk yankin babu mai hannun albasa kamarsa. Baƙin cikinsa ɗaya ne: kowace shekara, kafin damina ta yi nisa, rabin abin da ya adana sai ya ruɓe, yana ji yana gani. Sai ga wata ƙungiya ta zo da sanarwa cewa za ta ɗauki mutum ɗaya daga fadamar ya je ya koyo dabarun adana albasa. Amma da Turanci ake koyarwar, kuma nan da wata shida za a zo a yi hira da masu so. Shi da maƙwabcinsa na lambu suka ba da suna, dukansu kuwa iyakar bokonsu firamare, ita ma ta daɗe da bin ruwa. Ranar kasuwa mai lambun ya sayo ƙamus mai kauri da littattafai uku, ya naɗe su a leda don kada gara ta taɓa, ya sa a ƙasan akwati, ya ce sai an gama dashe. Aka gama dashe, ya ce sai ya rage aiki. Shi kuwa maƙwabcin, wanda ko fangalin shuka bai iya tsarawa a miƙe ba, kalma biyar yake rubutawa kullum a bayan kwali ya soke a aljihu. In ya buɗe ruwa, sai ya tsaya yana gaya wa albasa da Turanci abin da yake yi mata. Duk ranar da malamin gona ya zo, ya riƙe shi ke nan, yana kwaɓawa ana gyara masa. 'Yan fadama suka yi ta dariya, mai lambun namu ya fi kowa, don shi ne ma ya laƙaba masa Baturen Albasa.

Da ya rage kwana uku, sai hankalin mai lambun ya tashi. Ya zaro littattafan nan suna ta ƙamshin sabunta, ya kulle kansa a ɗaki, ya haddace gaisuwa da sunansa da garinsu da dalilin neman tafiya, har kansa ya yi jingim. Ranar hira aka zauna a gindin mangwaro. Matar da aka turo ta gaishe shi, ya amsa daidai, ransa ya yi sanyi. Sai ta waiwaya ta dubi lambunsa, ta tambaye shi yadda yake ban-ruwa har albasarsa take yin ƙwayar nan. Abin takaicin, ya gane tambayar sarai. Amsar shekara talatin ta cika masa baki da Hausa, amma ko kalma ɗaya ta Turanci ta ƙi fitowa. Sai ya karanto mata sunansa da garinsu. Da aka zo kan maƙwabcin, ya amsa da Turancinsa mai ɗingishi, yana faɗuwa yana tashi, kuma duk abin da ya faɗa a wurin mai lambun ya koya, ta kan shinge. Maƙwabcin aka ɗauka.

Mai lambun ya koma ya zauna a bakin fangalinsa, ya yi tagumi. Ba hassada ce ta dame shi ba, kunyar kansa ce. Can ya ce, "Ni da na san ko albasa ba a ba ta ruwan wata shida a kwana uku." A daminar nan ma rabin ajiyarsa ya ruɓe, littattafan kuwa sun koma leda, gara ba ta taɓa su ba.

Malamin ya dubi magidancin nan, ya tura masa littafinsa gabansa, ya ce, "Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya."