Hodar Haƙori a Rugar Bubayero

Hammawa ya rufe rumfar magungunansa ta kasuwar Azare tun kafin azahar, ana tsakiyar ciniki, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya ɗaure buhu a bayan keke, ya kama hanyar Katagum.

Hodar haƙori ce a buhun, fara sol, cikin ƙananan ƙunshi masu hoton jariri yana dariya. Lasa wa yaro ake yi idan haƙori ya taso masa. Bara wani kantin Turawa a Kano ya fara ba shi ita. Da ya yi ƙorafin tsada, akawun kantin ya ce masana sun yi shekaru suna harhaɗa ta, ga kuɗin jirgin ruwa, ga na jirgin ƙasa, wa zai biya in ba mai jariri ba? Hammawa ya haddace wannan karatu tsaf, ya dinga rera wa masu saye kamar shi ya haɗa ta. Kwali guda sai ya ci kuɗin tunkiya.

Jiya Malam Kashim, ma'aikacin asibiti, ya ja shi gefe ya ce kamfani ya yi umarni a mayar da hodar duka. Akwai wani abu a cikinta da ke taruwa a jikin yaro. Da fari zai ƙi haske, ya yi ta kuka, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su fara saɓulewa. Daga nan kuma, Malam Kashim ya girgiza kai bai ƙarasa ba.

Tsadar ta yi rana ta wuri ɗaya, don masu saye ba su da yawa, kuma ya san ƙofar kowa. Amma mutanen gari sai a hankali. Wani attajiri ya rantse dabara ce, so ake a kwashe a dawo da ita da sabon farashi, sai da Hammawa ya durƙusa masa kafin ya fito da tasa. A haka ya tattaro na cikin gari. Saura wuri ɗaya, wanda ya bari ƙarshe saboda tsoronsa yake ji.

Rugar wani dattijo ce mai suna Bubayero, can kusa da kogi. Tun daga nesa Hammawa ya sauka daga keke, ya cire takalmi. Matan da ke wanke ƙwarya suka gan shi, suka dafe baki, suka shige bayan bukkoki. Bubayero yana gindin tsamiya yana tufkar igiya. Ya amsa sallama, bai ɗago kai ba.

Aka kawo fura da nono. Maƙogwaron Hammawa ya bushe ƙamas, amma ko ludayin bai taɓa ba.

Daga bukkar gefe kukan jariri ke fitowa, kuka mai dishi, na wanda ya daɗe yana yi. Hammawa ya gyara zama ya ba bukkar baya. Ya tambayi shanu. Ya tambayi ciyawa da ruwa da lafiyar maƙwabta. Sai da tambaya ta ƙare masa sannan ya kwance buhu, ya ɗaga ƙunshi guda, ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi a gaban manya.

"Wannan hodar guba ce. Duk wanda yake da ita, ya fito da ita."

Bubayero ya yi murmushi. "A nan? Wa zai ba da tunkiya don haƙorin da Allah zai fito da shi kyauta? Mairo, akwai wadda ta sayi wannan?"

Matarsa, tsohuwa, ta amsa daga bayan zana. "Babu, Malam. Mu dai saiwa muka sani. Jaririn nan ma ba haƙori ne kaɗai ba, iska ce. Rana ce ba ya so, hannuwansa kuwa kamar an ƙunsa masa lalle."

 Hammawa ya maimaita maganarsa, wannan karon fuskarsa a ƙasa.

"Ƙarya muke maka?" in ji dattijon, ya ajiye igiyar. "An ce ba wanda ya saya."

Mutum mai tarbiyya a nan yake yin sallama, kuma Hammawa yana da ita har ta yi masa yawa. Ya ɗaure buhunsa, ya ja keke, ya kai bakin shinge. Sai kukan ya ɗauke.

Ya tsaya yana jira kukan ya dawo. Bai dawo ba.

Ya saki keken ya faɗi. Ya ratsa tsakiyar ruga, ta gaban dattijo, ta gaban mata, Mairo tana salati, ya sunkuya ya shiga bukkar.

Lauratu 'yar Bubayero tana zaune a duhu, jaririn a cinyarta, numfashinsa sama-sama. Tana ganin wanda ya shigo ta ja zane ta rufe fuska. Hammawa ya miƙa mata hannu.

"Ina sauran?"

Ta ɗaga gefen tabarma. Takardun ƙunshi ne birjik, kowace an karkaɗe ta tas, an ninke an adana kamar kayan ado.

"Da na ga kukan ya ƙi, sai na ƙara masa," ta ce a hankali.

Bubayero ya tare ƙofa, ransa a ɓace. "Ke! Wa ya sayar miki da wannan?"

"Bappa, ban saya ba. Aiko mini aka yi a ɓoye, cikin ƙwaryar mai tallar nono. An ce duk rumfar babu abin da ya kai shi tsada."

Dattijon ya juya a hankali ya dubi mijin 'yarsa, wanda kunya ta hana shi taka rugar nan ko tambayar lafiyar jariri har sai an yaye shi. Hammawa bai ɗago ba. Yana durƙushe a ƙasa, yana kallon fuskar ɗansa na fari, wadda sai yau ya fara gani.