Ƙurar Zinariya da Koren Haske

Ke da kike cewa in ana ƙauna sai an manne wa juna kamar ƙaska, matso ki ji wannan.

An yi wata mata mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Aikinta haɗa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne, waɗanda ƙwayar gero ma tsauni ce a kusa da su. Ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, amma in suna cikin ruwa aka haska musu fitila, sai su mayar da haske kore. Burinta ta yi ruwan gwaji da ungozomar ƙauyensu za ta ɗiga a jinin mai ciki ta gane ciwo da idonta, ba sai an ɗora baiwar Allah a babur an nufi birni da ita ba. Sai dai hasken ya yi rauni, kamar garwashin da toka ta rufe. Abin da ta haɗa tun farkon damina kuwa bai wuce 'yar kwalbar turare ba, ga kayan haɗin sun ƙare.

Ta san cewa zinariya, in an mayar da ita ƙura, tana tattara haske a jikinta ta ƙara wa maƙwabcinta. Sai ta samo ƙurar, kowace ƙwaya sanye da 'yar riga siririya ta gilashi. Ta ɗebi kaɗan daga ruwan gwajinta ta zuba masa ƙurar, ta ja labule, ta kunna fitila. Kai, jama'a! Koren nan ya tashi shar, kamar alayyafo bayan ruwan sama. Ta daka tsalle har kallabinta ya zame. Zuciyarta ta ce, da riga a tsakaninsu ma ga abin da aka samu, ina ga an tuɓe rigar sun haɗa jiki? Murna ba ta bar ta ta sake gwadawa da kaɗan ba. Ta narkar da rigar, ta juye ƙurar haka nan cikin mafi yawan ruwan, ta ruga ta kirawo tsohon malaminta yana tsakiyar cin ɗanwake.

Ya shigo yana suɗar yatsa. Ta kunna fitila. Ruwan ya yi ɗif, ko ƙyalli babu.

"'Yata, ina hasken?" in ji shi. "Ko idona ne ya riga ni tsufa?"

Ashe zinariyar da ke ƙara haske daga ɗan nesa, in ta manne sai ta shanye shi tas, ta mayar da shi ɗumi. Abin da ya saura a gindin kwalbar bai cika cokalin shayi ba, in wannan ya tafi aikin ya tafi. Ta zauna ta sake ɗinka wa ragowar ƙurar riga. In rigar ta yi kauri, zinariya ba za ta san da maƙwabcinta ba. In babu, ta riga ta ga abin da ke faruwa. Ta daidaita ta kamar yadda ake ɗora tukunya a kan duwatsun murhu, wuta na lasarta amma ba ta danne wutar ba. Ta yi bisimilla ta ɗiga ƙurar a sauran ruwan.

Haske ya tashi, ya ninka na farko, har ya rina fuskokinsu su biyun. Ta fasa ihu tana tafi. Tsohon ya kare ido da hannun riga yana dariya.

"Ya isa haka, kada ki makantar da ni! Wannan ko kakata za ta gan shi daga bakin ƙofa."

Tun daga ranar, duk ƙwayar da ta haɗa da zinariya sai ta bar musu 'yar tazara a tsakani. Gaskiyar Hausawa da suka ce, zo mu zauna, zo mu saɓa.