Alƙalamin Yunis

Bakin alƙalamin a jiƙe yake.

Malam Sulemanu ya tsaya a gaban akwatinsa, ko rigar zuwa coci bai tuɓe ba. Tun da ya bar aikin akawu ya dawo garinsu Ƙarfi yake tara tsofaffin alƙaluma masu shan tawada, yana gyara su. Goma sha huɗu ne, kuma bai taɓa mayar da ɗaya akwati ba sai ya wanke shi ya bushe.

Wannan na Yunis ne, ɗansa tilo. Da shi Malam ya sa hannu a takardar shigar yaron soja, matarsa Rahab, uwar yaron, tana kuka tana roƙonsa ya bari. Bayan yaƙin basasa, alƙalamin kaɗai aka kawo musu, da tsagaggen baki.

A jikin takardar da yake shanye tawada da ita akwai sabon tabo. Ya kara ta a madubi. Harafi ɗaya ne, karkatacce: Y.

Ya laluba aljihun rigarsa ta kullum da ke rataye a ƙusa. Makullin akwatin yana nan.

Bai gaya wa Rahab ba. Shekara bakwai ke nan ba ta zuwa coci, ba ta ambatar sunan yaron, kuma ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Kwanan nan ne ma ta soma warwarewa, har ta koma ƙunsa lalle a yatsu.

Lahadi ta biyu, madubi ya nuna masa YU. Ta uku, YUN.

Abinci ya daina shigarsa. A coci baki na waƙa, hankali na kan akwatin. Ya tabbata yaron ne yake kiransa ya zo ya amsa laifinsa, kuma ranar da sunan ya cika, tasa ta ƙare.

Lahadi ta huɗu: YUNI.

Ya ɗauki alƙalamin ya nufi rijiyar tsakar gida. Ya ɗaga hannu ke nan aka riƙe shi ta baya. Ya saki ƙara.

Rahab ce. A gefen babban yatsanta, inda lalle bai kama ba, akwai shuɗin tawada.

“Malam, don Allah bar mini shi,” ta ce. “Saura baƙi ɗaya in iya rubuta sunan ɗana.”