Lissafin Sabon Malami

"Wallahi kwafowa yake yi daga intanet," na faɗa wa shugabar makaranta. Shekara talatin ina rubuta lissafi da hannu, amma shafukan da sabon malamin ke bugawa kowa ke yabo. Ni ko kallonsu ban yi ba.

Ta kira shi ya nuna mana yadda yake yi. Ya buɗe kwamfuta, ya danna ɓangaren dama na linzamin da ake sarrafa ta da shi, jerin zaɓi ya fito. Ya ɗora lamba kan lamba, layi a tsakani, tsaf. Ashe da kansa yake tsara su.

"Tambayoyin fa, daga ina?" na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Daga tsoffin takardunka, Malam. Littafi muke haɗa maka na ranar ritaya."

Ya koma shafin farko. Sunana ne a sama.