Baƙin Ruwan Bokiti

"Ku zo ku ga ƙazanta!" Surukata ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Dawowarta ke nan daga unguwa ta tarar da bokiti a ƙofar falo cike da baƙin ruwa, gashi da ɓurɓushin abinci na yawo a kai.

Sau uku ana kwantar da ɗana a asibiti, gudawa da tari. Tun kwanciyar farko ta ce ƙazantata ce, ta mai da shi ɗakinta. Likita kuwa ya ce yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa, a kira ƙwararru su wanke kafet ɗin gidan duka da inji. Na kira.

Ta juyo gare ni. "Yanzu me za ki ce?"

"Ba komai, Mama. Amma yau ɗana a wajena zai kwana."

"A kan wannan dattin? Sai dai bayan raina!"

Mai wankin kafet ya fito yana cire safar hannu, ya dubi surukata.

"Hajiya, a bar ɗakinki a buɗe ya sha iska. Bokiti na uku ke nan daga can. Ɗakin matar ɗanki ban ma fara ba."