Tarin Suruka

Ku yaran yanzu, Allah ya ba ku kai, kun mai da shi ma'ajiyar ƙarya. A ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a makaranta, ya fito bai ƙware a komai ba sai zille wa aikin gida. To ku saurara.

An yi wani mutum, Injiniya ake ce masa. Kamfani ya ba shi aikin haɗa wani ɗan faranti kore mai siraran hanyoyin wuta, wanda za a sa a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Amfaninsa shi ne hotuna biyu su shigo, mutum ya zaɓi wanda zai bayyana a gilashin kwamfutar. Ya zana, ya liƙa da dalma, ya gwada da doguwar waya har talabijin ɗin falo, abu ya yi. Ya tura wayar ƙarƙashin kafet don kada wani ya yi tuntuɓe, ya ci gaba da harkarsa.

Ana nan matarsa ta haihu, aka kuma fara gasar ƙwallo a mako guda. Jariri yana kuka, tsummoki sun cika baho, mai jego ko sunkuyawa ba ta iyawa. Injiniya ya ce kamfani ya matsa masa, a bar shi da aiki, wannan faranti shi ne abincin gidan. Ya shige ɗaki. Gaskiyar magana faranti ya kusa ƙarewa tuni. Hanya ɗaya ya ba wa zanen aikinsa, ɗayar ya ba wa ƙwallo, ya ɗaura maɓalli a ƙasan tebur inda babban yatsan ƙafa zai kai. Sautin kuwa yana cikin abin da ya cusa a kunne guda, ya bar ɗayan kunnen yana gadi. Duk abin da yake tsoro a duniya shi ne a kama shi, a tura shi bakin baho.

Sai surukarsa ta zo taya jego. Mace ce mara dariya, ba ta kiran sunansa, sai dai “ɗan nan”. Ranar farko ta yi tari a bakin ƙofa, ta tura ba jira. Ƙafa ta riga ta taka, gilashi ya cika da layuka ja da kore. Ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma falo.

Tun daga nan ta kafa kujerarta a falo, dab da ƙofar da ke kallon ɗakinsa. Ta karkatar da talabijin, wai hasken taga yana damun idonta. In ya fito shan ruwa sai ya tarar ta kashe, tana jijjiga jariri, tana cewa babu abin da ake nunawa sai shirme.

Tarin nan ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Da alƙalin wasa ya busa, sai tari ya tashi, da jan silifa a ƙasa. Injiniya ya taka. Ya zauna yana zare ido a kan zane, mai sharhi yana ihu a kunnensa an ci, an rama, an ba da jan kati. In ya ji shiru ya sake takawa, kafin ya gane wa ke riƙe da ƙwallo, tarin ya dawo, ya fi na farko kusa. Da an tafi hutun rabin lokaci kuma ƙirjinta ya lafa.

Ya sayo maganin tari na kwalba, ya sayo na tsotsa. Ya ce zai kai ta asibiti, ta ce ciwon tsufa ne, yana da lokutansa. Ranar wasan ƙarshe ya roƙe ta ta kwanta ta huta. Ta ce ba za ta kwanta ba alhali ɗan nan yana wahala dominsu. Aka yi wasa, aka yi ƙarin lokaci, aka yi bugun daga kai sai mai tsaron gida, bai ga ko inuwar ƙwallo ba. A falo dai ya ji an buga cinya an ce kash, ya ɗauka jariri ne ya yi tumbuɗi.

Da ta tashi komawa gida, ya ɗauki jakarta har bakin mota, yana ta ladabi. Ta miƙa masa leda mai nauyi. Kwalaben magani ne, ko ɗaya ba a buɗe ba.

“Mama, ba ki sha ba?”

“Ka ajiye wa mai ciwo,” in ji ta. “Kuma mai tsaron gidan nan naku, a sallame shi. Ba ya gani ta hagu.”

Ta dubi 'yarta ta ce daga yau baho nasa ne, har yaron ya yi tafiya, kwamfuta kuma a falo za ta riƙa kwana. Haka aka yi, hannun Injiniya har ya yi fari fat saboda sabulu.

Abin da ya manta, farantin nan nasa ba ya zubar da hoton da ba a zaɓa ba, musanya yake yi, ya tura shi ta wayar ƙarƙashin kafet. In yana kallon ƙwallo, zanensa yana tsaye a talabijin ɗin falo ko motsi ba ya yi, in ya taka, ƙwallo ta koma can. Tsohuwa lafiyarta lau, tarin nan shi ne rimot ɗinta, kuma ita kaɗai ta kalli gasar tun daga zuwanta har ɗaga kofi.